Kawu, An Rufe Fayil Ɗin

Ranar Laraba, tara ga watan jiya, jim kaɗan bayan la'asar, babbar 'yarka ta kira ni daga asibiti. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekarunka saba'in da takwas, kuma ashirin da biyu daga cikinsu na yi su ne a bayanka, ina ɗan 'yar uwarka, ina kuma magatakardanka.

Kana da shekara talatin da ɗaya dattawa suka ɗora maka shugabancin ƙabilarmu, ƙauyuka tara a bakin kogi. Ina ƙarami na ga yadda ka raba rigimar gona tsakanin gidaje biyu da suka shekara goma ba sa gaisawa. Ka tuɓe takalmi, ka shiga taɓo da igiya kana awo da kanka. Da ka ga ƙasar ba za ta ishe su ba, ka yanki gefen taka gonar ka cika musu. Ba ka taɓa tayar da zancen ba har ka koma ga Allah.

Rashin gada da rashin asibiti ne suka tura ka siyasa. Matanmu suna mutuwa a cikin kwale-kwale a hanyar haihuwa. Sau biyu muka zaɓe ka majalisa, kuma a zango na biyu aka yi gadar. Da aka naɗa ka ƙaramin ministan ruwa, kowa ya yi murna ban da mahaifiyata, yayarka. Ta dube ka ta ce, "Ƙanena, sun ba ka kujera ne don ka zauna, ka daina tsaya musu a ka." Ka yi dariya ka ce, "Yaya, ko a zaune na fi su tsawo."

Ita ce ta yi gaskiya. Ofishinmu yana hawa na uku, ƙarshen baranda, kusa da ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. A watanka na goma sha biyar a ofis aka ajiye maka koren fayil a kan tebur: za a gina madatsar ruwa, ƙauyukanmu bakwai za su nutse. Sun so sa hannunka ne musamman, don a ce ɗan gida ya yarda. Wata huɗu kana yawo da fayil ɗin a hammata, daga ofis zuwa ofis. Ka nemo injiniya mai ritaya, ya zana maka wani wurin gina ta, can saman kogin inda babu kowa. Ina tsaye a bakin ƙofa ranar da ka shimfiɗa taswirar a gaban babban minista. Bai ko sunkuya ya duba ba.

"An riga an gama magana," in ji shi. "Hannunka kawai ake jira."

Ka ce, "Ranka ya daɗe, kaburburan iyayena suna can. Da wane hannun zan sa?"

A cikin mota muka ji an sauke ka, a labaran rana. Ka ce wa direba ya ƙara sauti, ka saurara har ƙarshe. Wanda ya gaje ka ya sa hannu cikin kwana tara.

Abin da ya fi ci mini rai, Kawu, shi ne tarbar da muka yi maka a gida. Mutane ba su ga ƙin da ka yi ba, sun dai san kana cikin gwamnatin. Tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yanka ta tare ka a bakin kasuwa ta ce, "Ka je ka ci naka, ka dawo mana da ruwa." Ba ka kare kanka ba, ka kuma hana ni in kare ka. Ranar tashi kai ne ka bi gida gida kana ɗora tsofaffi a manyan motoci, kuma a ta ƙarshe ka hau, a baya, cikin tukwane da awaki.

Inda aka zube mu tsakuwa ce zalla, garma ba ta shiga. Masunta suka wayi gari babu kogi. Cikin shekara biyar matasa suka watse birane, wasu dako, wasu gadi. Kai kuwa ka zauna a ɗaki ɗaya mai rufin kwano kana faɗa ina rubutawa: a ba mu ƙasar noma, a haƙa mana rijiyoyi. Shekara goma sha huɗu muna aika wa gwamnati wasiƙu. Amsa biyu muka samu, dukansu suna cewa ana duba lamarin.

Kwana uku kafin rasuwarka na same ka a gadon asibiti, ka rame har agogo yana zamewa daga hannunka. Ka tambaye ni, "An amsa wasiƙarmu ta ƙarshe?"

Na ce, "Ba a amsa ba, Kawu. Akawun ma'aikatar ya ce an rufe fayil ɗin."

Sai ka ce, "To ka daina rubutawa, ɗana. Ka je ka kula da iyalinka."

Ban taɓa jin ka sallama wani abu ba sai ranar. Yanzu dattawan da suka rage sun zauna sau biyu don a naɗa magajinka, babu wanda ya karɓa. 'Ya'yanmu ba sa jin harshenmu. Ni kaina da wata Hausar aro nake maka wannan ta'aziyya, don idan na rubuta da namu, masu iya karantawa ba su kai goma ba. Ban ga ta inda za mu sake haɗuwa mu zama jama'a ɗaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, matarka, da 'ya'yanka biyar, da mahaifiyata wadda ta binne ƙanenta tana da shekara tamanin da uku. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da Aljanna. Mu kuma da muka jefe ka da abin da ba ka yi ba, muka bari har ka tafi ba mu nemi gafararka ba, Allah Ya yafe mana.