Ƙullun Kokon da Ya Yi Tsami

Lokacin da muke unguwar Karantina a Jidda, kafin a rushe ta, askarawa, wato 'yan sandan ƙasar, sukan shigo lungunmu neman masu dafa giya a ɓoye. Ban ƙi ba, Allah ya sani. Na ga yadda giya ta lalata ɗan maƙwabciyata, har addu'ar nasara nakan yi musu bayan salla. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙofofinmu na baƙaƙen fata kaɗai ake bugawa. Masu zuwa saye a manyan motoci kuwa ban taɓa ganin an tare su ba.

Wata rana bayan azahar suka faɗo gidanmu. Na niƙa gero na ajiye ƙullun koko a bokiti, zafin Jidda ya sa ya yi tsami yana kumfa. Wani askar ya buɗe, ya toshe hanci.

"Ya hajja, ke ma?"

Na ce, "A'uzubillahi! Abin karyawa ne, ɗana. Ɗanɗana ka ji."

Babbansu ya shinshina, ya yi dariya, ya ce halas, abinci ne. Har sun juya, sai ya hango ƙanena a kan keken ɗinkinsa. Aikin Umara ya zo yi ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama.

"Yalla, tashi."

Ƙanena da bai san ɗanɗanon giya ba, shi aka saka a mota da zare a wuya. Aka mayar da shi Najeriya, ban sake ganinsa ba. Har muka bar unguwar, warin giya bai daina tasowa daga bayan lungunmu ba.