Tambayar da Kawu Ya Amsa Mini

Salamu alaikum ƴan'uwa. Wata bakwai ke nan ba ku ji ni ba. Ina nan da raina, ido ne ya zaunar da ni.

Abin ya soma ne ina aikin gini a unguwar Sersouf, nan ƙasar Larabawa. Sai in kai hannu ga bulo, in kama iska. Kai na sara, gefen ganina na yin duhu. Na ɗauka siminti ne ya shigar mini ido.

Kawu Issufu, wanda nake zaune a gidansa, ya kai ni asibiti. Aka ɗiga magani, aka auna, aka ce hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu aka yi wa aiki aka ceto kaɗan, yanzu ina gani kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Maganin ɗigawa akwai tsada, kuma babu ranar dainawa. Na tsorata ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Da aka sallame ni, Kawu ya hana ni zuwa ko ƙofar gida ni kaɗai. Ni da ba na fashin ƙwallo ran Juma'a, sai ci sai kwanciya. Har wando ya daina shigata.

Ranar da muka koma awo, wata likita ta zo da takardar tambayoyin da suke yi wa matasa masu raunin gani, kan abin da ke hana su motsa jiki. Tana karantawa da Larabci, Kawu na fassara mini. Ramukan hanya? E. Motoci? E. Rashin mai rakiya? E.

Da ta karanta ta gaba, sai Kawu ya ƙi fassarawa. Ta maimaita. Ashe cewa take, ko mutanen gida na hana ni fita?

Kawu ya gyara murya ya ce, "Wannan ni zan amsa. Rubuta e, da manyan baƙi."

Ta yi dariya, ta ce ƙafafuna ba su yi ciwo ba. Ƙwallo dai a dakata, amma tafiya da ɗan gudu ba laifi.

Yanzu kowace safiya muna shiga wata busasshiyar ƙorama a hanyar ƙauyen Outoul, ba mota, yashi kawai. Igiya ɗaure a hannuna, ɗaya bakin a hannun Kawu. Ni ke tsayawa ya huta.

Alhamdulillahi. Kawu, Allah Ya saka maka. Masu addu'a, na gode.

In ganinku ya canza, ku je a auna tun da wuri, ni jinkiri ya ci mini ido guda. In kuma akwai mai raunin gani a gidanku, kar ku ajiye shi a ɗaki don tausayi. Ku tambaye shi inda yake son zuwa, ku sa takalmi ku raka shi.