Ranar da Na Gyara wa Alhaji Magana

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin ƙarshe ta gwajina a gidan tarihin nan ba. Ku sababbi kun san ƙa'ida: wata uku kina zagayawa da baƙi, sannan shugabar sashe ta bi ki zagaye ɗaya da takarda a hannu. Kin tsallake allon bayani ɗaya, kin faɗi.

Ranar dattawan masallacinmu na wajen Gate City, nan Amurka, aka kawo, aka ce in yi musu da Hausa. Shugabarmu, Madam Linda, ba ta jin ko "sannu". Fuskokin baƙi take karantawa.

Muka iso allon jagoran 'yan tawayen ƙasar Hangari, wanda ya zo Amurka neman taimako a zamanin bauta. Ban buɗe baki ba, Alhaji Ilya, aminin babana daga Damagaram, ya riga ni da ɗan Faransancinsa.

"Bon, wannan ba sai an faɗa ba. Masu yaƙi da bauta sun goya masa baya har ƙarshe. Mai neman 'yanci ɗan'uwan mai neman 'yanci ne."

Kowa ya gyaɗa kai. Allon akasin haka ya ce, kuma a gidanmu yarinya ba ta gyara wa dattijo magana a gaban tsaransa. In na wuce, na tsallake allo. In na faɗa ya ɓata rai, Madam ta gani.

Na ce, "Baba, a gafarce ni, ba haka aka yi ba. Da farko sun yi murna da shi. Da suka ce ya yi magana kan bayin ƙasar nan, ya ƙi, don kada masu bayi su hana shi taimako. Sai da yawansu suka juya masa baya."

Madam ta ɗaga biro.

Alhaji ya kalli hoton mutumin da ke jikin allon. Ya ce, "Kakana ya yi ta zagin Faransa don sun mallake mu, alhali da bayi a gidansa. Ke ɗiyar Musa, sake faɗa, Malam Sani na can baya bai ji ba."

Na sake faɗa. Madam ta sauke biron, ranar Litinin aka tabbatar da ni.

Abin da na koya: aikinmu faɗin abin da ke allon ne, ko ga wa. Ki durƙusa in kina so, amma ki faɗa.