Philomene Bighetty da Neman 'Yarta Verna

Haihuwa da Nasaba

An haifi Philomene a ranar uku ga watan Maris na shekarar 1949, a garin Wapisiw da ke bakin tafki a arewacin lardin Manitoba na ƙasar Kanada, cikin al'ummarmu ta Cree, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Mahaifinta, Solomon Merasty, masunci ne da rani, maharbi kuma a lokacin sanyi. Mahaifiyarta, Clemence, ta shahara wajen jeme fatar barewa da ɗinka takalma masu adon ƙananan duwatsu, kuma a hannunta Philomene ta koyi wannan sana'a tun kafin ta iya ɗaure gashinta.

Mai wannan rubutu, Wilfred Castel, surukin marigayiyar ne, mijin autarta. Iyali sun ɗora masa rubuta tarihin ne bisa hujjar cewa shi kaɗai ne a dangi gwamnati ke biya don ya zauna a kujera.

Karatu

A shekarar 1956, tana da shekara bakwai, jirgin sama ya sauka a kan tafki ya kwashe yaran garin zuwa makarantar kwana ta mishan, inda aka aske mata kai, aka kuma haramta mata harshen uwarta. Ta yi shekara takwas a can. Ba ta cika ba da labarin wurin ba, sai dai ta dawo a 1964 da abu biyu: ƙiyayyar kunun safe, wanda ba ta ƙara sha ba har ta bar duniya, da kuma ɗabi'ar karanta kowace takarda daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa waɗanda ko masu buga su ba sa karantawa.

Aiki, Aure da Zuri'a

A 1965 ta kama aiki a rumfar gyaran kifi ta garin, sannan a 1977 ta koma asibitin Wapisiw a matsayin mai dafa abinci, hidimar da ta yi har shekara ashirin da tara. A watan Yuli na 1968 aka ɗaura aurenta da Absalom Bighetty, makanikin injin kwalekwale, mutum mai ƙarancin magana, wanda aka ce ya nemi aurenta ne ta hanyar gyara injin mahaifinta sau uku alhali sau ɗaya ya lalace. Allah ya azurta su da 'ya'ya shida: Gilbert, Verna, Rosaire, Marcelline, Ovide da Loretta.

Ɓatan Verna

A watan Satumba na 1990, Verna, mai shekara ashirin, ta tafi birni koyon aikin jinya. Duk ranar Lahadi takan kira wayar asibiti ta gaisa da uwarta. A Lahadi ta biyu cikin Oktoba wayar ba ta yi ƙara ba, haka ma ta bayanta. Philomene ta yi tafiyar kwana biyu zuwa birni ta kai rahoto, inda ɗan sandan da ya saurare ta ya rubuta rabin shafi, ya ce da ita irin waɗannan 'yan matan idan sun gaji da yawo da kansu suke dawowa.

Daga wannan shekara har zuwa 2004, lokacin da Absalom ya rasu, duk bazara su biyun sukan loda tsohuwar motarsu da gurasa da busasshen nama su bi garuruwan kan hanya suna liƙa hoton Verna a gidajen mai da tashoshi. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da neman ta hanyar rubuta wa hukumomi wasiƙu. Buƙatarta guda ce, kuma ba ta taɓa sauya ta ba: a gaya mata inda 'yarta take, a raye ko a mace, domin ba a yi wa mutum walimar mamaci alhali ba a san ya mutu ba.

Surukuta

A 2003 mai wannan rubutu ya auri Loretta. Philomene tana cikin tsofaffin da suka riƙe kunyar surukuta yadda aka gada: ba ta yi wa mijin 'yarta magana kai tsaye, shi ma ba ya yi mata. Tana zaune taku uku da shi za ta ce, "Loretta, tambayi mutumin nan naki, gatarin ne ya yi masa laifi ko itacen?" Idan Loretta ba ta nan, sai ta aiki karen gidan, mai suna Minista: "Minista, gaya wa mai takardu shayinsa ya huce." Mai takardu ya zauna cikin wannan tsari shekara goma sha shida cikin kwanciyar hankali, har yana alfahari a gaban abokansa da cewa bai taɓa musu da surukarsa ba.

Zuwan Hukuma

Bayan shekaru iyalai suna zanga-zanga da rataye jajayen riguna a kan bishiyoyi don tunawa da matan da suka ɓace, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, aka kuma buɗe ofisoshin tuntuɓar iyalai, waɗanda aikinsu shi ne su karɓi bayanin kowace da ta ɓace su bi sawunsa a ma'aikatu. A 2017 aka ɗauki mai wannan rubutu aiki a ofishin yankinmu, kuma takarda ta farko da ya cike ta Verna ce.

A nan ne ya tafka kuskuren da ya wajaba a rubuta. Ƙa'idar aiki ita ce ma'aikaci ya zauna da uwa ya yi mata tambayoyi ido da ido. Shi kuwa, da ya tuna wace ce uwar, sai ya zauna da matarsa, wadda shekararta tara lokacin da Verna ta tafi. A gurbin da aka tambayi suturar da ta sa, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: riga mai kauri, wando, takalmin fata. A 2018 kuma, da 'yan kwamiti suka zo Wapisiw sauraren shaida, Philomene ta yi sa'a biyu tana bayani, har da siffar takalman dalla-dalla. Surukin nata bai ji ko kalma ɗaya ba, domin tana fara magana kunya ta fitar da shi daga zauren, ya je ya tsare tukunyar shayin baƙi, wadda babu mai niyyar sata. Bayaninta ya shiga cikin dubban shafukan kwamiti, takardarsa kuma ta zagaya ma'aikatu shekara biyu ba ta dace da kowa ba.

Ranar Taba

A watan Mayu na 2019 ofishin ya aika wa kowane iyali kwafin takardarsu, Philomene kuma ta karanta tata har ƙasa. Washegari da safe mai wannan rubutu yana karyawa da soyayyen kifi, sai ta ajiye ƙullin taba cikin jan ƙyalle a gabansa. Duk ɗan Wapisiw ya san wanda ya ɗauki taba ya ɗauki alƙawari.

"Wilfred," in ji ta.

Sai ya waiga yana neman kare.

"Ba da Minista nake ba, da kai nake. Ɗago kanka."

"Na'am, Inna."

"Takalmin fata! Wa ka sani a garin nan da ba ya sa takalmin fata? Ko limamin coci yana da shi. Wannan ne aikin da ake ba ka kujera mai juyawa dominsa?"

"Inna, kunya ce ta..."

"Kunyar ta jira mu a waje, idan mun gama ma ɗauko ta. Ina bironka?"

Ya ɗauki tabar, ya ɗauko biro. Ta ce a kan kowace ƙafa akwai shuɗin fure mai ganye biyar, an ɗinka shi da jijiyar barewa, ba da zaren kanti ba. A tsakiyar furen hagu kuma akwai farin dutse guda inda ya kamata a ga ja, kuskuren da uwarta ta koya mata ta riƙa bari da gangan don kada mai ɗinki ta yi girman kai. Ta zana furen da hannunta a bayan takardar.

Ya aika zanen ga duk ma'aikatun da ke ajiye kayan gawarwakin da ba a gane ba a larduna uku, ya kuma riƙa bin su da waya har wasu suka gane muryarsa tun daga gaisuwa. A watan Fabrairu na 2020 wata ma'aikaciya daga lardin da ke maƙwabtaka da mu ta amsa: a bazarar 1991, da ƙanƙara ta narke, an tsinci gawar wata budurwa a bakin kogi, aka binne ta da lamba a maimakon suna, kuma a cikin akwatin kayanta akwai takalmin hagu guda. Da aka nuna wa Philomene hoton, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗinkina ne." Gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa Verna ce a watan Nuwamba. An sake buɗe shari'ar a matsayin kisan kai, kuma har zuwa rubuta wannan tarihi ba a kama wanda ya aikata ba.

A ranar sha bakwai ga Yuli na 2021 aka dawo da Verna Wapisiw, aka hura wutar makoki ta al'ada wadda ta kwana huɗu tana ci, aka yi walimar da ta makara da shekara talatin. Bayan an watse, Philomene ta dubi 'yarta ta ce, "Loretta, gaya wa mutumin naki ya yi ƙoƙari. Amma kada ya ji daɗi da yawa." Daga ranar ba ta sake yi masa magana kai tsaye ba.

Shekarunta na Ƙarshe

Sakamakon wannan lamari, ofishin yankinmu ya ƙara gurbi a takardarsa domin siffar ɗinki da adon duwatsu, ya kuma hana ma'aikaci cike takardar danginsa, dokar da abokan aiki suke kira da sunan mai wannan rubutu. An riƙa gayyatar Philomene tana koya wa sababbin ma'aikata da 'yan sanda yadda ake zama da uwa a saurare ta, kuma sharaɗinta shi ne kowa ya karanta mata abin da ya rubuta kafin ya tashi. Ta wannan hanya wasu iyalai biyu suka gano nasu. Ba ta taɓa cewa gwamnati ta gama aikinta ba. Abin da takan ce shi ne ta fara jin kira.

Rasuwa

Philomene Bighetty ta rasu a gidanta da hantsin ranar sha tara ga Satumba na 2023, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in da huɗu. Mazan garin suka haƙa kabarinta da hannu, aka yi jana'izarta a cocin Wapisiw da waƙoƙin Cree, harshen da aka taɓa dukanta a kansa. Allah ya jiƙanta.

Ta bar jikoki goma sha huɗu da 'ya'ya biyar: Gilbert, masunci a Wapisiw, Rosaire, direban babbar mota, Marcelline, malamar harshen Cree, Ovide, makaniki a rumfar mahaifinsa, da Loretta, ma'aikaciyar jinya. Ta shidan, Verna, tana kwance a hannun damarta, da sunanta a rubuce.