Matar da Ta Ƙi a Goge Sharhin Rijiyoyi

Lawwali Na'Allah ya yi ganganci, kuma saura kaɗan gangancinsa ya hana mutanen Turba ruwa a shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Ƙungiyar da ke kula da rijiyoyin Sabon Birni da Isa ce ta ba shi aikin kwashe rumbun bayananta zuwa sabuwar kwamfuta. Ya juye tsarin rumbun, ya watsar da sharhin da ke maƙale da kowane gurbi, wai surutu ne.

Malama Ruƙayyatu Halliru ce ta rubuta sharhin nan. Shekararta goma sha huɗu a ofishin. Kowace safiya takan shigar da rahoton mahaƙa. Duk Alhamis takan juye tsarin rumbun tare da sharhinsa a fulash, ɗan ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, ta buɗe ta karanta kafin ta adana. A gurbin zurfi ta rubuta: "Da gaba aka auna, ba da mita ba. Haka mahaƙanmu ke awo."

Injiniyan da aka kawo ya sa wa rijiyoyin famfo bai ga wannan ba. Ya ga ashirin a rijiyar Turba, ya ɗauka mita ce, ya ce a yanko bututu daidai haka. Gaba guda kuwa ta kusa mita biyu. Bawa, tsohon mahaƙi, ya ce masa, "Injiniya, wanga bututu ba shi taɓa ruwa. Ni na haƙa ramin ga." Injiniya ya ce kwamfuta ba ta ƙarya.

Bawa ya hau babur sai ofis, ya gaya wa Malama abin da ke faruwa. Malama ta ce, "Zamna, Baba, za ni ɗauko na Alhamis." Ta nuna wa Lawwali layin. "Malam Lawwali, ka karanta kafin ka goge?"

"Hajiya, lamba ai lamba ta."

"To, tafi Turba ka ba su lamba su sha."

Rijiya goma sha tara aka sake wa lissafi kafin a yanka bututu ko ɗaya. Turba ta samu ruwa.

Malama Ruƙayyatu, ke ce kika san wanda zai zo bayanki bai san abin da kika sani ba, kika rubuta masa. Mun gode, Malama. Duk mai riƙe da rumbun bayanai ya yi yadda take yi: ya juye da sharhi, ya duba.

Lawwali kuwa an karɓe makullin ofis daga hannunsa, an sallame shi ranar Litinin.