Shekarar da Muka Daina Yasar Rijiya

Rijiyar unguwarmu a Dakoro, in ka jefa guga da safe, kana iya zuwa ka sha fura ka dawo ba ta taɓa ruwa ba. Jaki ke jan igiyar, har ya hango Birnin Lalle ba ta ƙare fitowa ba. Duk shekara bayan girbi mazan unguwa kan taru a yashe ta. Kawuna, tsohon maginin rijiya, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura, mu muna jawo yashi.

Sai aka haƙa wa gari foraj, wato rijiyar burtsatse. Ruwa ya taso daga can ƙasa da ɗuminsa, aka tara shi a shato, babban tankin ruwa na sama, aka ja mana fanfo har tsakar gida. Ranar na yi wanka sau tara, har matata ta kasa gane ni.

Da lokacin yasa ya yi, Kawu ya bi gida-gida da igiyarsa. Ni na tare shi gaban jama'a.

"Kawu, ka huta mana! Wa zai shiga kabari da ransa, ga ruwa na yi muna sallama har ɗaki?"

Aka yi ta dariya.

"Ɗan nan," in ji shi, "bakinka ya fi rijiyar faɗi."

Ba wanda ya fito. Shekarar da ta biyo ma haka, har aka daina zancen.

Gari ya yi ta faɗaɗa, mu kuwa muna kan tudu, ruwa ya daina hawowa. Ka buɗe fanfo sai huci, kamar tsoho ya hau bene. Abin da ƴan garuwa ke kawowa ya ishi tukunya, bai ishi shanu huɗun da mahaifina ya bar mini ba. Suka rame har iska na juya su.

Bara da rani na ɗora Kawu a amalanke, don ƙafarsa ta ƙi, na kai shi bakin rijiyar. Ya saki dutse, ya kasa kunne. Tim. Yashi.

"Kawu, a zura ni."

"Da wanga tumbi? Ko ka shiga, gindin ya rufta. Gyaranta sai wanda ya koya, ni kuwa ba wanda ya zo in koya mashi."

Na juya amalanken, na mai da shi gida.

Ranar kasuwa wani makiyayi daga Tagriss ya sayi shanun, ya kora su. Na dawo gida da igiyoyinsu a kafaɗa. Turakun suna nan, har yau na kasa tuge su.