Ƙofar Mushe Haruna

An haifa mini jika na fari da safiyar Talata, kuma ban gama raba goro ba maƙwabcina ya shigo ya ce Mushe Haruna ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya a zaure da goro a hannu, na rasa wanda zan miƙa wa.

Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Shi ya koya mini karatu, furfura ta riga ta fito mini. Da safe yana biro, ofishin masu duba lakwal, wato makarantun boko, yana tsara sunayen 'yan jarrabawa. Bayan la'asar sai ya zo ajinmu na manya. Sau da yawa yakan tsaya da alli a hannu, idonsa a taga, can inda wani tsohon kafinta ke sassaƙa a gindin dogon yaro. Ƙamshin katako na shigowa, shi kuwa kamar ya bi shi ya fita. Ya taɓa ce mini, "Malam Idi, takardun da na rubuta bara, gara ta cinye su a kabad. Bencin da tsohon can ya yi, ga ka zaune a kai."

Shekaru ya yi yana juya maganar kafin ya ajiye aikin ya kama kafinta. Abokansa na ce masa, "Mushe, da wannan hannu mai laushi kamar na amarya?" Sai ya duba tafinsa ya ce, "Zai yi kanta."

Ƙofarsa ta farko tawa ce, ta ɗakin 'yata Balki. Ya zo da awo da kaye, littafinsa na rubutu, ya auna tsawo sau ɗaya, faɗi sau ɗaya, ya rubuta. Ƙofa ta zo kyakkyawa, ta ƙi shiga. Ɗakin na ƙasa ne, bakinsa ya fi faɗi a ƙasa, ya kuma ɗan karkata. Unguwa ta yi dariya. Tsohon kafintan ya karyo karan gero, ya yanke ɗaya daidai sama, ɗaya daidai ƙasa, ɗaya ya gitta shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ce, "Gininmu ba ya bin layin kaye, Mushe."

Mushe Haruna ya ɗora ƙofarsa a amalanke, ya ce mini, "Kada ka kira ni kafinta sai ƙofata ta rufe ɗakin nan." Shekara uku asabari ne a wurin. Shi yana can wajen tsohon kafintan yana koyo, bai koma biro ba, ko da aka neme shi.

Da Balki ta dawo gida goyon ciki, sai ga shi da kara uku a hammata, ya rame, yana tari. Ran Alhamis ya kafa ƙofar. Ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa. Ko ƙara ba ta yi ba. Ya daɗe da tafinsa a jikinta, yana murmushi. Na ce, "Sannu da aiki, kafinta."

A bayan wannan ƙofa aka haifi jikana.

Allah ya jiƙan Haruna, ya yafe masa, ya yalwata makwancinsa. Allah ya ba Hajiya Rabi matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu. Ran Talata mai zuwa suna a gidana. Ku zo ku ga yaron, kuma kowa ya tura ƙofar nan da hannunsa.